Ga Mai Koyon Wanke Fim A Gida: Wane Dibelofa Za Ka Fara Da Shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka.

Ka ba ni aron fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata sana'a da mutane da yawa suka ɗauka ta bi ruwa tun da waya ta fara ɗaukar hoto, wato wanke fim na baƙi da fari da hannu, a gida. Tana nan da ranta. Har yanzu ana ƙera fim, ana sayar da sinadaransa, kuma matasa na dawowa gare ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙanena yana cikinsu. Ya samu wata tsohuwar kyamara mai cin fim, ya ɗauki naɗi biyu, sai ya same ni da yamma riƙe da wayarsa, ya jera mini sunaye har takwas da ya kwaso daga intanet, ya ce, "Baffa, wanne zan saya a cikinsu? Kowa cewa yake nasa ya fi." Sunayen dibelofa ne, ruwan farko da ake zuba wa fim domin hoton ya bayyana. Amsar da na ba shi a tsaye ba ta wuce jimla biyu ba, na kuma ga a fuskarsa bai gamsu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta ta da tsawo, dominsa da ire-irensa masu karanta wannan jarida.

Ya kamata mutum ya san aikin abu kafin ya zaɓe shi. Fuskar fim shafe take da wani siririn danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan ka danna kyamara, haske ya taɓa su na ɗan ƙiftawar ido, sai ya bar musu tabon da ido ba ya gani. Hoton yana nan, amma a ɓoye yake. Dibelofa shi ke bin ƙwayoyin da haske ya taɓa ya mayar da su baƙar azurfa, ya ƙyale sauran. Bayansa sai ruwan tsayarwa, sai fiksa mai narkar da gishirin da ya rage domin a iya fito da fim ɗin cikin haske, sai ɗauraya. Abin da za ka zaro daga tanki, wato rufaffen mazubin da ake wanke fim a ciki ba tare da haske ya shiga ba, shi ne dodon hoto, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Fiksa in bai kama ba ana iya maimaita shi, ɗauraya ma haka. Dibelofa kuwa sau ɗaya ake yi. In ya ɓaci a nan, ya ɓaci ke nan, babu gyara.

Wannan maganar da ciwo na koye ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara wanki, kuma a shekarata ta farko na sayi dibelofa iri biyar. Duk wanda na karanta an yabe shi sai in nemo. Na wanke naɗi goma sha huɗu a shekarar, kusan kowanne da ruwansa daban, fim ɗin ma ina canzawa. Wani ya fito da kyau, wani ya yi duhu, wani ya yi fari fat, ni kuwa na kasa gane dalili, domin abubuwa uku ko huɗu nake canzawa a lokaci guda. Shin ruwan ne, ko fim ɗin, ko hannuna wajen girgiza tanki, ko kyamarar ce take yaudarata? Babu hanyar sani. Kwalabe biyar a buɗe, babu wadda na ƙarar, duk iska tana cin su a kan kanta.

A cikin wannan hali ne na ɗauki mahaifiyata hoto, Allah ya jiƙanta. Tana zaune bakin ƙofa da hantsi, jikarta na kwance a cinyarta, hasken ya sauko mata ta gefe ɗaya yadda mai hoto ke mafarkin samu. Na ƙarar da naɗin gaba ɗaya a kanta, hoto talatin da shida. Da dare na ɗauko wata kwalba da na haɗa kimanin wata bakwai baya, ruwan bai kai rabinta ba. Ba zan ambaci sunan maganin ba, don laifin ba nasa ba ne. Takardarsa ta faɗi kwanakinsa, ni ne ban duba ba. Na ga launinsa ya ɗan sauya, na ce ai ba komai. Da na gama fiksa na buɗe tanki, na warware fim ɗin daga kwarkwaron da ake naɗa shi a kai a cikin tanki, yana ɗigar ruwa, na ɗaga shi saitin fitila. Kusan garau yake kamar gilashi. Sai da na karkata shi sannan na hango inuwar ɗankwalinta da gefen kafaɗarta, dishi-dishi, fuskar kuwa babu. Na ce zan sake ɗaukarta wani lokaci. Jinya ta zo, ba a sake samun wannan zaman ba. Fim ɗin yana nan a ajiye har yau cikin ambulan.

Tun daga ranar na daina tambayar wane dibelofa ya fi kyau. Tambayar da nake yi wa duk mai koyo ita ce wadda na yi wa ɗan ƙanena: naɗi nawa kake ɗauka a wata? A nan zaɓin yake. Duk sanannun dibelofa suna fitar da hoto mai kyau idan suna da rai kuma an bi ƙa'idarsu. Bambancin da ke tsakaninsu, wanda ake ta ja-in-ja a kansa, ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin da ke tsakanin ruwa mai rai da wanda iska ta kashe. Iskar da muke shaƙa ita ce abokiyar gabar dibelofa. Tana shiga cikinsa a hankali tana cinye ƙarfinsa, kuma gwargwadon sararin da ke saman kwalba, gwargwadon saurin mutuwarsa.

Idan kana ɗaukar naɗi biyu ko uku a wata, ko fiye, shawarata ita ce D-76 na Kodak ko ID-11 na Ilford. Ɗan Juma ne da Ɗan Jummai, tushensu ɗaya, duk wanda ka samu ka ɗauka. D-76 ya fito tun 1927, asalinsa don fim ɗin silima aka yi shi, kuma haɗinsa ba sirri ba ne, an daɗe da wallafa shi: a lita ɗaya ta ruwa akwai giram 2 na metol, giram 100 na sodiyam salfait, giram 5 na haidirokwinon, da giram 2 na borakis. Na kawo wannan lissafi ne domin ka lura da giram ɗari ɗin nan. Salfait mai yawa haka yana kare ruwan daga iska, kuma yana ɗan lasar gefen ƙwayoyin azurfa yayin da suke girma, shi ya sa hoton D-76 ke fitowa da laushi, tsakinsa ba ya tashi sosai. Tsaki nake kiran yashi-yashin nan da ake gani a hoton fim idan an faɗaɗa shi.

Abin da ya sa nake tura mai koyo wajensa ya wuce kyan hoto. Kusan babu fim ɗin baƙi da fari a duniya da ba a rubuta lokacin wankinsa da wannan ruwa ba, sau da yawa ma a cikin kwalin fim ɗin kansa. Da shi ake auna sauran. Idan hotonka ya ɓaci ka nuna wa wanda ya daɗe a harkar, ka ce da D-76 ka wanke, nan take zai iya ce maka ga inda ka kuskure, domin ya san yadda ya kamata ya fito. Kuma yana da haƙuri. Ka yi kuskuren rabin minti, ko zafin ruwa ya ɗan goce, ba zai hukunta ka da tsanani ba. Yana kuma fito da abin da ke cikin inuwa yadda ya dace da lambar da aka rubuta a jikin fim, wato lambar da ke nuna saurinsa wajen kama haske.

Gari ne, sai an dama. D-76 ƙunshi ɗaya ne, ana narkar da shi a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Salsiyos. ID-11 ƙunshi biyu ne, ƙarami da babba, ana fara zuba ƙaramin a ruwa mai kimanin digiri 40, in ya narke a bi shi da babban. A nan akwai jarabar da ke kama kowane sabon shiga: ya ga garin da yawa, ya ce bari in ɗebi rabi in ajiye rabi. Kada ka yi. Sinadaran da ke ciki nauyinsu ba ɗaya ba ne, ba su gauraya daidai a cikin ƙunshin ba, rabin da ka ɗiba yana iya zama kusan salfait zalla. Dama shi duka, ka bar shi ya huce ya kwana, sannan ka raba ruwan. Ni lita ɗaya nake damawa in zuba a ƙananan kwalabe huɗu masu cin mililita 250, kowace a cike har wuya, a toshe tam, in rubuta kwanan wata a jiki. Kodak sun ce a cikakkiyar kwalba ruwan yana kai wata shida, a wadda ta yi rabi kuwa wata biyu. Ilford sun ce wata shida a cike, wata ɗaya a rabi. Da na san wannan tun farko, da hoton mahaifiyata yana rataye a bango.

Wajen amfani, ka sirka shi kashi ɗaya magani kashi ɗaya ruwa, abin da ake rubutawa 1+1, ka yi wanki sau ɗaya ka zubar. Ana iya amfani da shi tsantsa a mayar kwalba a sake, amma sai ka riƙa ƙara lokaci bayan kowane naɗi kana lissafi, wannan kuwa wata ƙofa ce ta kuskure da mai koyo ba ya bukata. Sirkin 1+1 yana ba ka ruwa iri ɗaya kullum. Yana kuma rage lasar salfait, sai hoton ya ƙara kaifi kaɗan, lokacin wanki ya ƙara tsawo, tsawon lokaci kuwa alheri ne ga hannun da bai saba ba. Fim ɗin HP5 Plus na Ilford, alal misali, yana ɗaukar minti 13 a ID-11 da aka sirka haka a digiri 20; Tri-X na Kodak a D-76 bai cika minti 10 ba. Lita ɗaya takan wanke naɗi huɗu zuwa shida. Mai ɗaukar biyu ko uku a wata zai ƙarar da ita tun ba ta tsufa ba.

To amma ba kowa ne haka ba. Akwai wanda naɗi ɗaya ke kwana wata biyu a kyamararsa, sai an yi wani abu sannan ya ɗauko ta. Irin wannan idan ka ce ya dama lita guda ta gari, ka sa shi a hanyar da na bi. Shi ruwa mai kauri ya dace da shi, wanda ake ɗiba kaɗan da sirinji a sirka nan take, sauran ya zauna a kwalba yana jira. A wannan fanni biyu ne suka yi suna.

Na farko Rodinal. Wani masanin sinadarai, Momme Andresen, shi ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Agfa na Jamus a 1891, kuma har yau ana sayar da shi, Adox na yin sa, akwai kuma danginsa da ake kira R09. Ban san wani kayan hoto da ya kai shi daɗewa a kasuwa ba. Kwalbata ta yanzu ta shekara huɗu a buɗe, ruwan ya rine ya yi ja-ja kamar tsatsa, har da ɗan gari a ƙasa, amma makon jiya na wanke fim da shi ya fito sumul. Ana sirka shi 1+25 ko 1+50. A 1+50, tankin naɗi ɗaya mai cin mililita 300 bai wuce mililita 6 yake sha ba, ka ga kwalbar rabin lita za ta wanke naɗi wajen tamanin. Ina son sa ƙwarai, amma sai in faɗi gaskiyarsa. Rodinal ba ya lasar ƙwayar azurfa, yadda take haka yake fito da ita. Hotonsa kaifi gare shi kamar an zana da wuƙa, tsakinsa kuma a fili. A kan fim mai lamba 100 ko 125, irin su FP4 Plus ko Fomapan 100, abin sha'awa ne. A kan mai lamba 400 a ƙaramin fim na milimita 35, sararin sama da fatar fuska sukan yi yashi sosai, wani yana son haka, wani kuma gabansa ya faɗi ya ɗauka ya ɓata aiki. Inuwa ma takan ɗan yi duhu fiye da ta D-76, shi ya sa masu amfani da shi da yawa sukan ƙara wa fim haske kaɗan tun wajen ɗauka.

Akwai wata hanya da ake yawan kwaɗaita wa sababbi da Rodinal: a sirka shi 1+100, a girgiza a farko, a bar tanki a tsaye awa guda ba a taɓa shi ba. Ana cewa kowane fim za ta wanke, babu ruwanka da agogo. Tana da ranarta, na yi ta. Sai dai takan bar zane-zane masu saukowa daga ramukan gefen fim, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu, kuma ko ta yi kyau ba ta koya maka komai game da alaƙar lokaci da hoto. Ka bar ta sai ka ƙware.

Na biyu HC-110 na Kodak, wanda ya fito a 1962, da takwaransa Ilfotec HC na Ilford. Shahararren mai hoton nan na Amurka, Ansel Adams, ya yi aiki da HC-110. Hotonsa ya fi kusa da na D-76 fiye da na Rodinal, tsakinsa matsakaici, saboda haka ga mai ɗauka jefi-jefi da fim mai lamba 400, shi nake fifitawa. Sirkin da aka fi sani shi ne wanda suke kira B, wato 1+31, kimanin mililita 9 ke nan a tankin naɗi ɗaya. Abu biyu ne za ka kiyaye. Awo da sirinji sai da natsuwa, domin a mililita 9 kuskuren mililita ɗaya ba ƙarami ba ne. Ka zuƙi ruwa ka wanke cikin sirinjin a cikin haɗin don kada wani ya maƙale. Sannan yana da zafin nama. HP5 Plus minti 5 kacal yake yi a sirkin B, kuma masu ƙera fim da kansu suna gargaɗi cewa wankin da bai kai minti biyar ba yakan fito ba daidai ba, domin daƙiƙoƙin zubawa da juyewa sun zama babban kaso na lokacin. Maganin da masu amfani da shi suka samo shi ne a ninka ruwan, 1+63, a kuma ninka lokacin.

Sauran sunayen da yaron ya karanto mini ba zan daɗe a kansu ba. XTOL, wanda ya fito a 1996, yana ba da tsaki mai laushi da inuwa mai kyau, amma lita biyar ake damawa a tashi ɗaya, kuma idan ya mutu ba ya sauya launi ya gargaɗe ka. DD-X mai kyau ne ƙwarai, musamman ga fim ɗin Ilford da ake kira Delta da kuma hoton da aka ɗauka a ƙarancin haske, sai dai 1+4 ake sirka shi, kwalba ba ta jimawa. Ilfosol 3 yana da sauƙin haɗi, amma ba ya son dogon zama bayan an buɗe. Microphen da Perceptol na aiki na musamman ne, ɗaya don fim ɗin da aka ɗauka da haske ƙasa da abin da lambarsa ke bukata, ɗaya don rage tsaki. Za ka san lokacin da kake bukatarsu idan ya zo. Akwai kuma ruwa ɗaya tilo mai haɗe da dibelofa da fiksa a kwalba guda. Na fahimci abin da ke jan mutane gare shi. Amma wanda ya fara da shi bai koyi matakan ba, kuma ba shi da ikon ƙara ko rage komai yadda yake so. Matakai uku ba su da wahalar da ta kai a guje musu.

Yanzu zafin ruwa, wanda a ganina ya fi sunan da ke jikin kwalba muhimmanci. Duk lokutan da ake rubutawa a kan digiri 20 aka gina su. Ruwan famfo a lokacin zafi yakan wuce haka nesa, a lokacin sanyi kuma ya gaza. Dibelofa yana ƙara sauri da zafi, kusan kashi goma cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Wanda ya zuba ruwa mai digiri 25 ya kuma bi lokacin digiri 20, zai samu dodon hoto mai kauri, farin ya ƙone, baƙin ya toshe, sai ya ce dibelofa ne ba shi da kyau ya tafi neman wani. Sayi ma'aunin zafi kafin ka sayi kwalba ta biyu. Ni roba nake cikawa da ruwa in jefa ƙanƙara, in tsoma kofunan awo a ciki har allura ta sauka kan 20, tankin ma a cikin robar yake zama tsakanin girgiza da girgiza. In hakan ya gagara, Ilford da Kodak duk suna da jadawalin rage lokaci gwargwadon zafi, a bi shi. Kuma sauran ruwayen kada su yi nisa da na farko, a tsaya cikin digiri biyar, domin sauyin zafi kwatsam yana iya sa danƙon fim ya yamutse. A nan ma ka ga amfanin dibelofa mai dogon lokaci: minti 13 in an rage shi saboda zafi, da sauran abin kamawa, minti 5 in an rage, me ya saura?

Girgiza ma haka. Ilford sun ce a kifa tanki a mayar sau huɗu cikin daƙiƙa goma na farko, a maimaita a farkon kowane minti. Kodak sun fi son daƙiƙa biyar a kowane rabin minti. Duk biyun suna aiki. Ɗauki ɗaya ka riƙe, ka kuma ɗan buga gindin tanki a kan tebur bayan kowace girgiza don kumfa ta saki fim.

Abin da na roƙi ɗan ƙanena, kuma nake roƙon duk mai farawa, shi ne ya ɗaure wa kansa fim ɗaya da dibelofa ɗaya har naɗi goma aƙalla. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata, sunan fim, sirki, zafin ruwa, mintoci, da yadda abin ya fito. Idan zai canza wani abu, ya canza ɗaya tak. Ya ga hotunansa sun yi laushi da yawa, babu baƙi sosai babu fari sosai, ya ƙara minti ɗaya a naɗi na gaba. Ya ga sun yi tsauri, ya rage. Inuwa ta fito wayam babu komai a ciki, wannan daga kyamara ne, hasken ɗauka ne bai isa ba, ƙarin lokacin wanki ba zai ƙirƙiro abin da haske bai rubuta ba. A naɗi na goma zai san ruwansa kamar yadda direba ya san motarsa, a sannan in ya gwada wani dibelofa zai ga bambancin da idonsa, ba sai an ba shi labari ba.

Fim ɗin kansa yana faɗin inda laifi yake, ga wanda ya iya karanta shi. Dubi gefensa, wajen ramuka, akwai sunan fim da lambobi da aka buga da haske tun a masana'anta. Idan fim ya fito garau amma rubutun gefen ya fito baƙi ƙirin, dibelofa ya yi aikinsa, kyamara ce ba ta ba da haske ba, ko fim ɗin bai kama ba tun wajen sakawa. Idan babu hoto babu rubutu, to ruwan ne: ko ya mutu, ko an fara zuba fiksa bisa kuskure, abin da ke faruwa ga wanda bai yi wa kofunansa alama ba. Idan kuma fim ya fito da hazo fari-fari kamar gajimare, fiksa ne bai gama ba, mayar da shi cikin sabo ya ƙara mintoci, zai washe.

Ga kuma gwajin da ba na tsallakewa tun daga ranar da na ba ka labari, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Harshen fim ɗin nan da ake yankewa kafin a naɗa shi a kwarkwaro, kada ka yar. Haske ya riga ya cinye shi. Tsoma rabinsa a cikin dibelofan da ka haɗa, a fili, fitila a kunne. In ruwan yana da rai, cikin 'yan mintoci za ka ga wurin ya yi baƙi. In ya zauna yadda yake, ko ya tsaya a toka-toka, zubar da ruwan ka haɗa sabo. Fim ɗinka yana cikin tanki a rufe, ba abin da zai same shi ko ya kwana yana jira.

Kada in manta da lafiyar jiki. Metol yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu, wani lokaci sai bayan an daɗe ana taɓa shi, Rodinal tsantsa kuma yana da kaifi a fata da ido. A sa safar hannu, kada a shaƙi ƙurar gari wajen damawa, a yi aiki inda iska ke shiga, kofuna da kwalaben wanki su zama nasu ne su kaɗai da alama a jiki, a ajiye su inda hannun yara ba ya kaiwa. Tsohon fiksa kuma cike yake da narkakkiyar azurfa mai cutar da halittun ruwa, a tara shi a jarka a kai inda ake karɓar irin wannan shara, kada a tuttular a magudana.

Shi yaron naɗi biyu zuwa uku yake ɗauka a wata, saboda haka ID-11 ya saya, da HP5 Plus. Tare muka dama litar farko muka raba ta kwalba huɗu, ya rubuta kwanan wata da hannunsa. Naɗinsa na uku ya fito da tsauri, farar rigar da ke cikin hoton ta ƙone babu ko zare. Ya kira ni a waya, ban ce masa komai ba sai na ce ya karanto mini abin da ya rubuta a littafinsa. Yana karantawa ya tsaya da kansa, ya ce, "Baffa, ashe ruwan 24 ne, na kuma ba shi minti sha uku." Yanzu yana kan na shida. Ranar Asabar zai zo da shi mu duba tare, ya ce kakarsa ta wajen uwa ya ɗauka, na kuma gaya masa ya zo da harshen fim ɗin a aljihu.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai karatunku, mai wankin hoto a gida